Kwali, gwangwani da robar abinci: wanne ya dace yara su yi aikin hannu da shi?

Tambaya: Ina da yara uku, babban shekararsa tara, na tsakiya biyar, autar kuma ba ta cika uku ba. Na fara tara kwalaye da gwangwanaye da robobin abinci don su riƙa aikin hannu maimakon wuni a kan waya. Gwajinmu na farko bai yi armashi ba: gam ya ƙi kamawa, fenti ya ɓare, na tsakiyan ya ƙare da kuka. Babansu kuma ya ce shara kawai nake tarawa, wata rana sai wani ya yanke ko ya kwashi cuta. Wanne ne ke da haɗari a ciki, kuma ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ku ranar nan ba laifin yaron ba ne, ba kuma rashin iyawarki ba ne. Na daɗe ina koyar da aikin hannu ga 'yan nazare da firamare, kuma in da za a auna hawayen da aka zubar a gabana, mafi yawansu gam ne ya jawo su. Babansu ma yana da gaskiyarsa. Bari mu fara da tasa maganar, don in ba a raba mai haɗari da marar haɗari ba, sauran bayanin bai da amfani.

Akwai abubuwan da ba sa shiga kwandona ko kusa. Na farko duk abin da ɗanyen nama, kaza ko kifi ya kwanta a kai, musamman farin farantin nan mai kama da kumfa. Ruwan naman yana shiga ƙananan ramukansa, wanki ba ya kai wa can, kuma irin wannan ruwa ne ke ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Na biyu kwalin da maiƙo ya jiƙa, domin ba a wanke kwali, ajiye shi kuwa gayyatar kyankyaso da ɓera ne. Sai kwalba ta gilashi ga ƙananan yara, da gwangwanin lemo na alminiyam in har za a yanka shi, saboda bakinsa bayan yanka reza ce sak. Haka nan duk mazubin da ya taɓa ɗaukar magani, bilic ko maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma. Ba ragowar abin kaɗai nake tsoro ba. Ranar da yaro ya saba wasa da irin wannan roba, gobe in ya ga cikakkiya zai ɗauka tasa ce.

Kwalin ƙwai shi ne ake yawan gardama a kansa. A Birtaniya har ji-ta-ji-ta ta taɓa yaɗuwa cewa an haramta shi a makarantu, sai da hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta ƙasar ta fito ta ce babu wannan doka. Ni dai ƙa'idata ita ce in duba shi cikin haske. In akwai tabon fasasshen ƙwai, kashin kaza ko gashi, ya tafi bola. In fes yake kuma a bushe, a yi aiki da shi, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Amma in cikin yaranki akwai wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙwai, madara, gyaɗa ko alkama, to mazubin wannan abin ba nasa ba ne, ko da a ido ya fita tas.

Autarki ce ta fi damuna a cikin ukun, don a shekarunta komai baki ake kai shi. Masu gwada kayan wasa a Amurka suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar da shi ga ɗan ƙasa da shekara uku ba, domin zai iya maƙalewa a maƙogwaro. Murfin robar ruwa da kika sani faɗinsa kusan milimita 30 ne, ke nan ya faɗa ciki. A gida ki yi amfani da bututun kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida. Ya ɗan fi nasu faɗi, wannan kuma gara haka. Duk abin da ya wuce ta cikinsa a ɗage shi sama in tana kusa. Leda ma haka, da balan-balan, wanda gargaɗin da ake bugawa a jikin fakitinsa ya shafi yara har zuwa ƙasa da shekara takwas, ba don komai ba sai don wanda ba a hura ba da gutsuren wanda ya fashe suna toshe numfashi. Batirin agogo da ƙananan maganaɗisu kuwa kada su shigo wannan harka sam.

Wanki kuma a yi shi ranar da aka juye abincin, kada a bari sai an tashi aiki. Ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a kife, a bari ya bushe ƙayau. Wannan darasi da hancina na koye shi. Wata shekara na karɓi kwalayen madara kusan talatin daga hannun yara ana gab da hutu, na leƙa na ga kamar an wanke, na rufe su da murafensu na jera a kabad. Ranar da aka dawo, ina buɗe ƙofar ajin na ja da baya. Tun daga lokacin kwalin madara ko na lemo sai na yanke samansa, na wanke har kusurwoyi, na bar shi a buɗe kwana biyu.

Gwangwanin abinci irin na ƙarfe kuwa ina son shi, amma babba ne ke shirya shi. Murfin da aka yanke a jefar nan take, shi ne mai yanka. Bakin gwangwanin a bi shi da filaya a danne duk wani tsini, a goga samfefa, sannan a naɗe shi da salatif mai kauri zagaye biyu. Kafin ki miƙa wa yaro ki zagaya da naki yatsan. Mai tsatsa a bar shi.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato gam. Farin gam na makaranta ruwa ne ke ɗauke da shi. Yana kamawa ne idan ruwan ya tsotse cikin abin da aka shafa wa, ya kuma bushe. Takarda, kwali, ƙyalle da katako duk suna shan ruwa, shi ya sa yake riƙe su. Roba ba ta sha. Ki juya gindin robar yogot ko ta man shafa burodi, za ki ga ɗan alwatika da lamba a ciki. Waɗannan lambobi daga 1 zuwa 7 masana'antun roba na Amurka ne suka fito da su a 1988 don a riƙa bambance irin robar. Lamba 1 ita ce ta yawancin robobin ruwa da lemo. Lamba 2 da 4 da 5 su ne na jarkoki, ledoji, murafe da yawancin ƙananan kofunan abinci, kuma su ne masu taurin kan: fatarsu kamar an shafa mata kakin zuma take, kusan babu gam ɗin gida da ke zama a kanta. Za ki ga kamar ya kama, washegari ki sa farce ki ɗaye shi kamar fatar albasa. Ina kyautata zaton abin da ya sa ɗanki kuka ke nan. Ya shafa, ya danna, ya jira, ya saki, abu ya faɗi. Ya ƙara gam, ya ƙara faɗuwa, domin yawan gam ƙara nisan bushewa yake yi.

Maganin abin shi ne a daina neman gam ya yi aikin da ba nasa ba. Roba ɗaure ta ake yi, ko a huda, ko a soke, ko a naɗe. Ki huda ramuka biyu da basilla a zura zare ko siririyar waya. Ki tsaga kwali ki cusa bakin robar a ciki. Ki yi amfani da salatif na takarda, irin wanda masu fenti ke liƙawa a gefen bango, domin yaro na iya yaga shi da hannu, kuma fenti na zama a kansa, saɓanin mai sheƙin nan da ke naɗewa a yatsa ya ɓata wa kowa rai. In kuwa dole sai an manna wani abu a jikin roba, a fara naɗe ta da wannan salatif ko da takarda, sai a manna a kan takardar.

Ko a kwali da kwali ma akwai dabara. Yaro zai ɗauki bututun kwali ya shafa gam a bakinsa ya kafa a kan faifai, yana so ya tsaya. Ba zai tsaya ba, don wurin da ya taɓa bai fi kaurin zare ba. Ki nuna masa sau ɗaya: a yi wa bakin bututun ƙananan tsaga shida ko takwas da almakashi, a buɗe su waje kamar furen da ya buɗe, a shafa gam a kan waɗannan kunnuwa. Yanzu ya sami wurin zama. Gam ɗin a shafa shi siriri, a maƙale da abin maƙale shanya, a ba shi kamar rabin awa kafin a taɓa, ƙarfinsa na sosai kuma sai ya kwana. Ɗan shekara biyar ba shi da haƙurin rabin awa, saboda haka nakan sa su yi abu biyu a lokaci guda, wannan na bushewa ana yanka wancan.

Bindigar gam, wadda ake sa wa sandar gam kamar kyandir, tana kama roba fiye da farin gam, amma ko mai ƙaramin zafin tana kai wa wajen digiri 120, babbar kuma kusan 190. A hannunki za ta zauna. Babban naki zai iya fara koyo kina tsaye a kansa da kwanon ruwan sanyi a gefe. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa ban yarda da shi a wurin yara ba, yana haɗe yatsu cikin daƙiƙoƙi, in ya zuba a kan auduga kuma zafi yake yi har ya ƙona fata.

In kina son gam mai yawa don lulluɓe abu da yagaggiyar takarda, dama fulawa ludayi ɗaya a ruwa kamar ludayi biyar, ki dafa kina juyawa har ya yi kauri, ki sa ɗan gishiri don ya rage saurin yin fumfuna. Kada a wuce shimfiɗa uku a zama ɗaya, kuma sai ta bushe sarai a ƙara wata.

Matsalar fenti 'yar'uwar ta gam ce. Fentin yara na ruwa ne, a kan roba ko kwali mai sheƙi taruwa yake yi ɗigo-ɗigo, in ya bushe ya ɓare. Wasu na ɗiga masa sabulun wanke-wanke ko su gauraya shi da farin gam, kuma yana taimakawa. Amma ga abin da ya fi sauƙi, wanda in na nuna wa iyaye sukan yi dariya su ce ashe haka ne: kwalin biskit ko na ganyen shayi, ki nemi inda aka manne shi a gefe, ki zura yatsa ki buɗe shi a hankali har ya kwanta, ki juya cikinsa ya koma waje, ki sake haɗawa da salatif. Kin sami akwati mai launin toka ko ruwan ƙasa, babu rubutu babu sheƙi, yana karɓar fenti da fensir da maka. Kwalin madara mai ɗaukar ruwa shi ma yana da tasa dabarar. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa takarda ce, sauran siraran shimfiɗu ne na leda da alminiyam, irin ƙirar da kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin ya yi suna da ita. In kika yanke sama da ƙasa kika murtsuke shi da hannu sosai, fatar wajen mai rubutu takan ɗaye ta bar takarda. Cikin kuma ba ya jiƙa, shi ya sa babu kamarsa wajen yin jirgin ruwa ko tukunyar shuka.

Babban kwali mai kauri kuma ki duba bakinsa, za ki ga wata takarda mai lanƙwasa kamar kwanon rufi a tsakanin shimfiɗu biyu. Ƙarfinsa yana bin tsayin waɗannan ramuka. In ana gina bango ko ƙafar tebur, ramukan su tsaya a tsaye. In ana son lanƙwasa shi, a bi layinsu, a fara jan layi da bayan almakashi. Yankan irin wannan kwali aikinki ne, da wuƙa a kan katako, yara na nesa.

Abin da kowannensu zai yi kuwa ya bambanta ƙwarai. Autar ba ta buƙatar a ce mata yau za mu ƙera kaza. Ki ba ta manyan kwalaye ta jera ta rushe, kofunan roba ta saka wani cikin wani, babban kwali ta shiga ta fito. Ba raini ba ne: a 2005 gidan adana kayan wasa na Strong da ke Rochester a jihar New York ya sanya kwali, kwalin nan dai da babu komai a ciki, a jerin fitattun kayan wasan yara. In za ki yi mata kacau-kacau da robar ruwa da tsakuwa, ki ɗaure murfin tamau ki naɗe shi da salatif, ki kuma riƙa dubawa.

Na tsakiyan yana shekarun da almakashi ya fara bin layi. Kwalin ƙwai ya dace da shi, a yanka jere ɗaya ya zama tsutsa ko kada, ko a zuba ƙasa a kowane gurbi a shuka wake ya riƙa leƙawa kullum da safe. Wayar gwangwani ma tana burge su: gwangwani biyu ko kofi biyu, rami a gindin kowanne, zare mai tsawo a tsakani. Sharaɗinta ɗaya, zaren ya miƙe tsam kada ya taɓa komai, don girgizar murya ta cikinsa take bi. Ki bar shi ya gano da kansa cewa in zaren ya saki maganar ta ɓace.

Babban kuwa ya kai munzalin abin da ke motsi, kuma a nan ne na fi jin daɗin aikin. Akwai wani yaro da ba na mantawa, sa'an naki. Ya yi mota da kwalin madara, ya huda murafe huɗu ya soke su a tsinke biyu, ya manne tsinkayen a cikin motar da salatif. Kyau kam ta yi kyau. Ya tura ta, ta ja ciki a ƙasa kamar an ɗaure ta. Ya ɗaga, ya juya taya da yatsa, ta ƙi. Ya dube ni, na ce masa me ya kamata ya juya, me kuma ya kamata ya tsaya? Ya yi shiru ya fi minti biyar yana jujjuya motar. Can sai ya tashi ya je kwandon ya ɗauko bututun shan lemo, ya zura tsinken a ciki, ya manne bututun a jikin motar ya bar tsinken yana yawo. Da ya tura ta ta tafi har ƙarƙashin kabad, ihun da ya yi sai da malamar ajin gaba ta leƙo. Da na karɓa na gyara masa tun farko, da minti ɗaya ya isa, amma da motata ce ba tasa ba.

Wannan shi ne abin da ya fi wa iyaye wuya, har da ni a kan nawa 'ya'yan. Hannu yana ƙaiƙayi. Kina ganin idon kadan ya karkace, kina so ki daidaita. Ki bar shi a karkace. Kada kuma ki buɗe hoto a waya ki ce ga abin da za mu yi, domin mafi yawan waɗannan hotuna manya ne suka yi su, yaro kuwa in ya gwada nasa da su sai ya ga ya gaza. Tun 1971 wani Baturen Ingila mai zane da sassaƙa, Simon Nicholson, ya yi rubutu yana cewa yawan ƙirƙirar yaro yana tafiya ne da yawa da bambancin abubuwan da zai iya ɗagawa ya juya ya haɗa yadda ya ga dama. A garin Reggio Emilia na Italiya har cibiya suka buɗe a 1996, mai suna Remida, tana karɓar ragowar kayan masana'antu masu tsabta tana rarraba wa makarantu. A Indiya kuma Arvind Gupta ya shafe shekaru yana koya wa yara kimiyya da kayan wasan da aka haɗa daga abin da aka zubar. Ba ke kaɗai ke tara kwali ba, ki faɗa wa babansu.

Ko tambaya ma akwai yadda ake yin ta. Na taɓa ce wa wata yarinya kai, wannan gida ya yi kyau. Ta ɓata fuska ta ce ba gida ba ne, asibitin kyanwa ne, ga ma gadon nan. Tun ranar na koma cewa ba ni labarin wannan.

Abu ɗaya da ba na so mu ruɗi kanmu a kai: wannan aiki ba shi zai rage sharar duniya ba. Rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Kwalin da aka shafe da fenti da gam da salatif ma ya fi wuyar sake sarrafawa fiye da yadda yake da farko. Don haka kada ki sayi abu don kwalinsa, kada kuma ki je ki kwaso sababbin kayan ado na roba don ƙawata shara. Ƙyalƙyalin nan da ake barbaɗawa gutsattsarin roba ne, Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa na barbaɗe tun Oktoban 2023, ga shi in ya shiga gida sai ya shekara ana ganinsa a gashin kai. Ragowar roba kuma kada a ƙona ta, kada a narka ta a wuta da sunan gyara, hayaƙinta ba na shaƙa ba ne.

Game da zargin tara shara, ki ware kwali ɗaya babba, shi ne ma'aji. In ya cika an daina tarawa sai an rage. Abubuwan da aka ƙera su ma a ba su kanta ɗaya. In ta cika, mai abin ne zai zaɓi wanda za a ɗauki hotonsa a rushe, a ciro murafe da bututu masu kyau a mayar ma'aji. Kada ki zubar a ɓoye da dare, suna ƙirgawa.

Zaman farko kada ya wuce minti talatin zuwa arba'in, kuma ki bar fenti sai wani zaman. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida, ki fito da kwalaye biyar ko shida da kika juya, bututu, kofuna, zare, salatif na takarda da almakashi mai dakusasshen baki. Murafe su jira sai autar ta yi barci. Huda ramuka da danne bakin gwangwani kuwa ki miƙa wa babansu filaya da basilla, tun da shi ya fara hango yankan. A 'yan shekarun nan na ga iyaye maza da yawa da aka kira su huda rami ɗaya, aka dawo aka tarar da su a zaune a ƙasa suna gardama da ɗansu a kan inda za a sa tayar baya.